Ragon Nan Uku Ne

Duk Babbar Sallah sai an sa shi,
bayan an gama suya, hannuwa duk maiƙo,
yara su baje a tabarma suna jiran
wurin da rago zai tsinke igiya.
Ni ina gefe da kofin shayina.
Ni na riƙe sandar makirfo a aikin nan,
kwana goma sha tara hannuwana a sama
kamar mai roƙon ruwa.

To bari ku ji, ragon nan uku ne.
Na farko aro ne daga 'Yan Awaki,
mai shi ya sami ciniki ran Laraba,
ya zo ya ja abinsa muna tsakar aiki.
Na biyu fari ne tas,
Tasallah mai kwalliya ta baƙanta masa kunne da man takalmi.
Ku duba da kyau:
a bakin rijiya kunnen dama ne baƙi,
kafin ya kai zaure ya koma hagu.
Na uku kuwa, Allah ya isa.

Gudun da Baffa Ilu ya yi a lungun Yakasai,
babbar riga ta naɗe masa kai,
takalmi ɗaya a kwata,
babu shi a takarda.
Tsoro ne tsagwaronsa.
Darakta ya buɗe baki zai ce a tsaya,
Sagiru mai kyamara ya take masa ƙafa.
Kalmar da Baffa ya saki a kwanar masallaci
sai da muka binne ta da carar zakara.

Cin naman Sallah da kuke haɗiyar yawu a kai,
da azumi muka ɗauka,
ƙarfe ɗaya na rana, a wani gida a Gwammaja.
Waina, taushe, soyayyen haƙarƙari,
mutum tara suna tauna iska suna lumshe ido.
Ƙugin nan da kuke cewa rago ne a bayan gida,
cikina ne.
Makirfo ba ya rufa wa kowa asiri.

Da aka ɗauke wuta
Mudi mai walda ya ba mu janareto,
sharaɗinsa ɗaya, a sa shi a ciki.
Shi ne mai raken da ke wucewa sau huɗu,
kowane wucewa sai ya kalle ku.
Tsohuwar da ta leƙo ta katanga
ta wanke ɓarawon rago da zagi,
ba tamu ba ce.
Iya Gambo ce, maƙwabciya, ta ɗauka da gaske ne.
Ta ƙi karɓar kuɗi.
Goro ta ce, fari, kada a kawo mata ja.

Akwai wanda ban cika faɗa ba.
Ranar rawar nan ta Baffa da ƙafar tsintsiya,
ɗansa na kwance a asibitin Murtala.
Ana cewa a huta
sai ya haye acaɓa da gemunsa na auduga,
ya je ya dawo, ya gyara hula,
ya tambaye mu, ina muka tsaya?
Sau shida ya yi rawar.
Ta shidan kuke gani.
Yaron ya tashi, yana sayar da atamfa a Kwari yanzu.
Baffan ne ya riga shi.

Kuɗi kuwa sun ƙare kafin aiki ya ƙare.
Da rago na uku aka sallame mu.
Na sami ƙafa ɗaya da rabin hanta,
Baffa ya ce a bar masa kan,
akwai magana tsakaninsu.

Sunana a ƙarshe an rubuta shi ba daidai ba,
Tanimu ya zama Tamimu,
kuma tashar ma yanke wurin take ta sa tallan omo.
Ba komai.
Idan Baffa ya faɗa cikin kwandon tumatir,
ku ɗaga ido ku bar shi,
ku dubi bangon ƙasa, sama, ta hagu.
Wata siririyar inuwa za ta sauko,
ta yi rawa kaɗan, ta koma.
Dariya ce ta ci ƙarfin hannuna.

Ga wurin nan ya zo.
Kai, Ummi, matsa da kanki.